Ƙwaryar Hauwa da baƙin fenti

"Hauwa, bincike kika zo karewa ko kiɗan ƙwarya na gidan suna?"

Tambayar da shugaban kwamiti ya yi wa ƙanwata ke nan, ina zaune a baya. Bincikenta na digiri na biyu a kan masu raunin ji ne. Tana kunna musu kiɗa, su bi shi da ƙwanƙwasa yatsa, kwamfuta ta auna daidaiton bugun. Na'urar wannan aiki sai an yi odarta daga waje, sashensu kuma ba shi da ita.

Shi ne ta kife ƙwarya, ta manna ƙaramin makirufo a cikinta, ta jona da kwamfuta.

A zaman, ta ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, ƙwanƙwasa sau ɗaya ka ga abin da za ta nuna."

Ya ce, "Ni ba makaɗi ba ne." Aka ɗage zaman, ko shafin sakamakon ba a buɗe ba.

Wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Guga ya shafa wa ƙwaryar baƙin fenti, ya dasa ta cikin akwatin ƙarfe, ya ƙara koriyar fitila wadda ba ta aikin komai.

Jiya Hauwa ta koma. Shugaban ya ƙwanƙwasa da kansa, ya gyaɗa kai. "Yawwa, yanzu kika zo da kayan aiki."

Ta ci, amma wata huɗu sun tafi a banza. Sojoji sun daɗe da komawa bariki, mu har yanzu kaki muke sara wa.

Malaman da ke nan, ku gaya mini: aikin aka duba, ko fentin?