Gwaggo Asabe da Barcin Bayan Asuba

Duk wanda ya taɓa fito da kuɗi a gaban Gwaggo Asabe ya san tambayoyinta guda biyu. Da ta hango fam biyar a hannunki sai ta karkace kai, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Na mene ne? Na yaushe ne?" Kada ku sunkuyar da kai, babu wadda ta tsira a cikinku. Ranar sunan ɗana Amir, ana tsakiyar liƙi, ta cafke hannun wata baƙuwa da ta taso tun daga Abbey Wood.

"Baiwar Allah, wannan da kike watsarwa, na mene ne?"

Matar ta ce, "Na farin ciki ne mana."

"Na yaushe?"

"Na yanzu!"

Sai Gwaggo ta sake ta. Ta ce, "Ci gaba. Ke kaɗai kika san amsa a ɗakin nan."

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta karɓe ni lokacin da na zo ƙasar Turawan nan karatun aikin jinya, don haka ni na fi kowa shan wahalarta. Shekara ashirin da shida tana shara da goge-goge a wata jami'a a Aldwych. Ƙarfe huɗu agogo ke tashinta, ta kama bas daga Edmonton, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Burinta kuwa guda ɗaya ne tak, kuma wallahi abin kunya ne a faɗa. Ba gida a Kano ba, ba mota ba, ba gwal ba. So take ranar da ta cika shekara sittin ta ajiye aiki, ta yi sallar Asuba, ta koma ta ja bargo har rana ta fito. Shi ke nan fa! Saboda wannan barcin matar nan ta koyi zuba jari, mu kuma da muke taƙama da boko muka mai da ita abin dariya.

A ina ta koya? A jikin allo! Ɗakunan da take sharewa na masu karatun harkar kuɗi ne. Malamai su cika allo da rubutu su tafi, aikinta ta goge kafin ɗalibai su shigo. Ita kuwa sai ta jingine tsintsiya, ta kwafe komai tukuna. Abin da ba ta gane ba, ba ta gogewa. Akwai allon da ya kwana uku da rubutu, har shugabar masu shara ta kira ta ofis.

"Asabe, goge allo aka ɗauke ki, ba karanta shi ba."

"To ya zan goge abin da ban gane ba? In na goge ai ya tafi ke nan."

Bai ishe ta ba. Wata rana wani malami ya zana yadda kuɗi ke hauhawa cikin shekara ashirin, layi ya miƙe sama gwanin sha'awa. Gwaggo ta duba, ta duba, ta ɗauki alƙalamin allon ta rubuta a ƙasa da Turancinta mai ɗingishi: "Ina ladan dillali? Ko kyauta yake juya kuɗin?" Washegari ta tarar da amsa: "Tambaya mai kyau, mako mai zuwa za mu zo wurin. Wane ɗalibi ne?" Ta rubuta masa: "Mai goge allo ce. Ka yi sauri, ana matsa min."

Takardun da ɗalibai suka zubar a kwandon shara kuwa, duk a ɗakinmu suke ƙarewa. Na taɓa ɗaga katifata na tarar da darasi na bakwai.

Sai maganar littafin. Akwai wani kantin littattafai kusa da wurin aikinta, a ciki akwai wani littafi kan yadda mutum zai tsara jarinsa da kansa, kowane kuɗi da burinsa. Fam goma sha takwas. Gwaggo ta ce ba ta ga dalili ba. Kullum in ta tashi aiki sai ta shiga, ta tsaya, ta karanta shafi shida, ta sa tsinken sakace a inda ta tsaya, ta mayar. Tsinken sakace, jama'a, a littafin mutane! Tana cikin babin da ke bayanin yadda ake janye kuɗi daga hannun jari a hankali idan lokacin buri ya matso, sai wani bawan Allah ya zo ya saye shi. Ta shiga ta ga wayam. Ta nufi mai kanti kamar an yi mata sata.

"Ina littafina?"

"Kin saya ne, madam?"

"Ban saya ba, amma ni nake karanta shi."

Mai kantin, wani Bature, ya ce zai iya yin odar wani. Ta ce, "Yi oda. Kuma wannan karon ka sa shi a layin ƙasa kusa da kujera, gwiwata ba ta son tsayuwa." Kuma ya sa! Wannan ne ya fi ba ni haushi, yadda kowa ke biye mata.

Kayan aikinta ma abin kallo ne. Mutane na da app a waya, Gwaggo na da ambulan ɗin wasiƙun council, wato ƙaramar hukuma. Ta farke su, ta juya bayansu, ta ɗinke da zare suka zama littafi. Kashi uku ta yi masa: Gobe, Makka, Barci. Kuɗin Gobe na ba-zata ne, yana banki inda hannu zai kai. Na Makka ya cika, ta je ta dawo, ta ja layi a kai. Na Barci shi ne mai nisa, shi ta zuba a hannun jari, kaɗan-kaɗan duk wata, bayan ta tabbatar babu kamfanin giya, babu na caca, babu na kuɗin ruwa. Ranar Asabar ta je laburare ta kama kwamfuta awa ɗaya, ta buga lissafinta a kalkuletar kyauta, ta kwafe a ambulan. Kasuwar kanta sau ɗaya take leƙawa a wata uku. Ta ce yawan buɗe tukunya ba ya ƙara wa tuwo komai sai hucewa.

To ga maigidana, Sabo, yana can falo yana jina, kuma ba zan rage murya ba. Shi da digirinsa biyu ya biya fam ɗari huɗu ya shiga ajin koyon cinikin hannun jari na wani yaro a intanet, wanda ba ya magana sai ya jingina da mota. Motar ma daga baya muka ji ta haya ce. Sabo ya koma kwana da waya a hannu, in jari ya hau ya nuna kore ya yi murmushi, in ya faɗi ya nuna ja ya ƙi cin abinci. Gwaggo ta tambaye shi, "Angon Dije, wannan jarin na mene ne?" Ya ce na ƙaruwa ne. Ta ce, "Ƙaruwa zuwa ina?" Ya ce Gwaggo ba za ki gane ba.

Shekarar da kasuwa ta rikito, Sabo ya sayar da komai a asara, sannan ya ruga gidanta don ya cece ta. Ya same ta tana suyar ƙosai.

"Gwaggo, a fitar da kuɗin nan yau-yau! Komai yana zubewa!"

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Nawa na yaushe ne?"

"Kin ce sai kin kai sittin."

"Saura shekara tara ke nan. To me ya kawo ka yau? Miƙo min matsami."

Kasuwa ta farfaɗo, nata ya dawo har ya wuce, na Sabo yana aljihun mai motar haya. Har ta rasu, duk ranar da ya yi mata gardama sai ta ce, "Miƙo min matsami," ko da babu mai a wuta.

Amma kada ku ɗauka yabonta na zo yi. Matar nan ta ƙona min rai. Gwiwoyinta sun kumbura kamar ƙwarya, takalminta ya huje tana cusa kwali a ciki, ga kuɗi jibge a kashin Barci, amma ko fam ɗaya ba za ta taɓa ba. Wani hunturu ta zame a tashar bas, ta zauna cikin sanyi minti arba'in tana jiran wata bas ɗin, ta ƙi kiran tasi. Da na ji na yi mata tas.

Na ce, "Gwaggo, wannan ba tsari ba ne, rowa ce! Kanki kike yi wa rowa! Za ki mutu ki bar shi, wasu su ci!"

Ta ce, "Dije, kuɗin nan ba nawa ba ne. Na wata tsohuwa ce mai shekara sittin. In na taɓa, na yi mata sata."

Na ce, "Tsohuwar ma ba ki da tabbacin za ta zo."

Na faɗa, kuma bakina ne ya faɗa, har yau yana damuna. Tana da hamsin da takwas ciwon ya bayyana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tun kafin likita ya buɗe baki na karanta a fuskarsa. Ya yi ta kewaye-kewaye irin nasu, Gwaggo ta katse shi.

"Likita, na yaushe ne?"

Ya ce watanni. Wataƙila huɗu.

Ni na fashe da kuka. Ita kuwa cewa ta yi in miƙo mata jakarta. Ta zaro littafin ambulan da biro, ta ɗora a cinya, ta shiga lissafi, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Can sai na ji tana dariya, dariya sosai har gadon na motsi.

"Dije! Na yi arziki!"

Na ce Gwaggo ki ji tsoron Allah.

"Tsoronsa nake ji. Duba nan. Kuɗin barcin shekara ashirin nake tarawa, saura shekara biyu ya cika. Ashe na wata huɗu ake bukata. Ai na wuce buri tuntuni ban sani ba! Kira min tasi."

Wallahi na so in ƙwace littafin in yayyaga. Amma tasin na kira, ranar da aka sallame ta, karo na farko da ta shiga tasi a garin nan. Ta sa direba ya kai mu Aldwych, ta miƙa makullanta da hannunta, ta leƙa wani aji ta ga allo cike da rubutu, ta ce, "Mai rabo ya goge." Daga nan sai kantin littattafai. Ta ɗauko littafin daga layin ƙasa ta ajiye a gaban Baturen, wanda shi ma ya yi furfura a hannunta.

"Yau zan saya. Amma ka rage min, dubi yadda ya tsufa."

Ya ce, "Madam, ke kika tsofar da shi."

Fam goma sha biyar ta biya.

Kun ɗauka shi ke nan ta samu barcinta? Ina! Ta cire batirin agogo, ta sayi sabon bargo, ta yi Asuba ta kwanta, ido ya ƙi rufuwa. Jikin da ya saba shekara ashirin da shida ya ce bai san zancen ba. Ina zuwa da safe in same ta zaune a bakin gado tana huci.

"Na biya kuɗin barcin nan, Dije. Na biya!"

Kusan mako uku ana wannan rigima. Ran nan na taso daga aiki, ƙarfe tara ta wuce, na buɗe ƙofa na ji shiru, gabana ya faɗi. Na leƙa ɗaki. Rana ta shigo ta taga har kan bargon, Gwaggo ta baje, baki buɗe, tana minshari kamar injin markaɗe. Na zauna a ƙasa bakin ƙofa da jakata a kafaɗa, ban motsa ba har ta farka.

Daga ranar, duk safiyar da barcin ya samu sai ta ja ɗan layi a ambulan na ƙarshe. Ciwo ya cinye wasu safiyoyin, asibiti ya cinye wasu. Ana saura kwana biyu ta cika na ƙirga layukan a gabanta, goma sha bakwai. Haushi ya sake turnuƙe ni.

Na ce, "Shekara ashirin da shida, Gwaggo, takalmi da kwali, a kan safiya goma sha bakwai?"

Muryarta ta riga ta dushe, amma sai da ta karkace kan nan, ta ƙanƙance ido. Ta ce, "Ke nawa kika yi?"

Na rufe ambulan na mayar mata. Ni dai gobe ma ƙarfe biyar zan tashi.

Waɗanda kuka zo don ku ji nawa ta bari, ku sha shayinku, ba zan faɗa ba. Magada sun san nasu. Ni littafin ambulan na roƙa aka bar min, da tsinken sakacen.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata, ya yafe min abin da bakina ya faɗa mata. Ya Allah, baiwarka ta daɗe tana tashi cikin duhu. Ka haskaka makwancinta, ka yalwata mata shi, ka sa wannan kwanciyar ta zama hutun da ta yi ta tari dominsa. Amin.