Randar Kaka Hajjo da barikin da ke daji

Jikokina a unguwar Gassi ba sa jin kira idan sun dunƙule kan waya. Rannan bayan Isha na leƙa, sai na ga fim suke kallo: wata komisariya, ofishin ’yan sanda, a ƙauyen da ba kowa, wuta na ɗaukewa, wani abu na buga ƙofar ɗakin tsare mutane daga ciki. Na ce, “Kakata ta riga masu fim ɗin nan.” Suka yi dariya. Zainabu kaɗai, ƙaramarsu, ta ɗago kai.

Kaka Hajjo ɗiyar mahajjata ce. Iyayenta sun taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a bakin kogin Shari, suka zauna. Abin da ta gada daga tafiyar nan shi ne randa a ƙofar gida, a cike kullum, don matafiyi ya sha ba sai ya roƙa ba. Da yamma takan zauna gefen murhu tana jujjuya garwashi, mu kuma mu matso har hayaƙi na sa mu hawaye.

“To, ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri,” haka take buɗewa.

Ta ce akwai wani bariki a hanyar gabas, shi kaɗai a daji, da jandarma ɗaya. Mahajjata kan tsaya su sha daga randar ƙofar. Aka kawo sabon jandarma mai zafin kai, ya ce hayaniya ta ishe shi, ya fasa randar da gindin bindiga. Da magariba wani tsoho ya iso riƙe da buta, ya nemi ruwan alwala. Jandarma ya ce ina takardarka. Babu. Ya tura shi ɗaki ya kulle. Da safe kwaɗo yana nan yadda ya bar shi, ɗakin ba kowa sai butar.

Daga ranar, duk magariba murya na fitowa daga ɗakin. Nan Kaka takan shaƙe murya: “Ɗan nan, ruwan alwala.” Jandarma ya ɗebo ruwa zai sha, yana kaiwa baki ya zama yashi. Ya hau doki ya gudu, hanyar ta dawo da shi ƙofar barikin.

“Sai ya yi yaya, Kaka?”

“Wanda ya cika min randa gobe, shi zai ji.”

Dabararta ke nan, kowa ya sani. Ni ne babba, na ce ba zan ɗauki tulu ba kamar mace. Ƙanwata Laraba ta yi ta zirga-zirga zuwa rijiya har randa ta cika, Kaka ta raɗa mata ƙarshen a kunne. Na matsa wa Laraba, ta ce, “Yaya, tulun na nan.” Na yi tsaki. Muka girma, muka tsufa, girman kai bai bar ni na sake tambaya ba. Bara aka binne Laraba a Kusiri.

Duk wannan na ba Zainabu, rabi da Hausa rabi da Larabci don ta fahimta. Wallahi ta ajiye wayar. Idonta a kaina yake, yadda namu yake kan Kaka.

“Jiddi,” haka suke ce wa kaka da Larabci, “sai ya yi yaya?”

Da na iya ƙirƙira, amma muryar Kaka ce, ban ga yadda zan sa mata ƙarya a baki ba.

“Ban sani ba, uwata.”

“Kai Jiddi! Masu fim aƙalla suna ƙarasawa.” Ta ɗauki wayarta ta koma cikin ’yan’uwanta.

Haushin da na ji ba nata ba ne. Na daɗe ina ɗauka darasin na jandarma ne. Ashe Kaka mu take nufi, mu da ke zaune gabanta muna ƙyashin tafiya rijiya.

Na sayi randa na kafa a ƙofar gida. Ɗana ya ce yanzu kowa ruwan leda yake sha, ban kula shi ba. Ni nake cika ta, da wannan bayan nawa mai ciwo. ’Yan kilando na tsayawa da baburansu su sha. Idan tsoho ne mai jin Hausa, sai na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin barikin. Har yau ban samu ba.

Jiya na fito da bokiti, na tarar randar a cike, Zainabu na tsaye, zaninta a jiƙe.

“Na cika, Jiddi. Faɗa min.”