Wankan Jegon 'Yar Farina

Har yau in na tuna malamar asibitin nan sai raina ya sosu, alhali ita ce sanadin rayuwar 'yata.

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". A lokacin mulkin soja ta dawo gida Burumburum goyon ciki, ta haihu lafiya. Ni kuwa na zage damtse, don kada a ce 'yar wance ba ta gasu ba. Safe da yamma na tafasa ruwa na fyaɗa mata da ganyen darbejiya, na hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, na dama kunun kanwa mai kauri. Da ƙafafunta suka kumbura, cewa na yi jego ya karɓe ta.

Kwana ashirin da haihuwa ta kasa kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana haki. Babanta ya samo a-kori-kura muka tafi asibiti a Tudun Wada. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a jikinta, kuma abin na iya kai ta lahira.

Nan wata nas ta shigo, siririya, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ce, "Baba, yi haƙuri, bari na ji daga bakinta." Ji min yarinya! Ta jawo kujera, ta kama hannun 'yata, ta kira sunanta gatsau, sunan da ni na raɗa a zuciyata ban taɓa furtawa ba. Ta tambaye ta yadda take son a jingina ta, da ko tana son jaririyar a kusa. Ta bayyana mata dalilin barin kanwa da gashin nan, ita ɗin, ba ni ba.

Kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina zaune a tabarma ina kallon 'yata tana washe baki da jin takun wannan nas. A gabana 'yar tawa ta gaya mata cewa tun ranar suna numfashinta ke ɗaukewa a wurin wanka, har takan yi kalmar shahada kafin na ɗaga ganye.

Ranar da aka sallame mu, muna bakin titi muna jiran mota, na kasa daurewa. Ina kallon gefe na ce, "Ke, me ya hana ki gaya min, sai bare?"

Ta gyara goyonta, ta ce a hankali, "Inna, ita tambayata ta yi."