Gayyar da Na'ura Ta Kira Sansani

Na yi ritaya, amma ranar da aka kama Malam Habu na Farin Dutse har yau ba ta bar raina ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen sauraron sigina a Birnin Kudu. Aikinmu bin zirga-zirgar rediyon hannu na magana, wato oba-oba, a dazukan yankin, mu ware na mutanen kirki da na ɓata-gari. A wata damina aka kawo mana na'ura mai koyo. An ɗura mata tarin siginonin da aka naɗo daga sansanonin 'yan bindiga na wasu jihohi, ta haddace salonsu: rediyo da yawa su taru a daji da sassafe, su watse da yamma, gobe su sauya wuri. Ba ta jin magana, lokaci da wuri kawai take dubawa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kafin a tura rahoto sama, sai mutum ya saurari muryoyin da kunnensa.

Wata Talata ta nuna ja a yankin Gwaram. Na sa kunne. Me zan ji? Gayya ce! Ƙauyen Farin Dutse babu sabis na waya, sai suka sayi oba-oba. Yau su taru su nome gonar wannan, gobe ta wancan. Ina jin Malam Habu, jagoran gayyar, yana ta faɗa an kawo fura ba ludayi.

Na ruga wurin Oga, shugaban sashenmu.

"Ranka ya daɗe, manoma ne. Don Allah ka saurara da kanka."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Kai ka fi na'urar sani? Ba a kawo ta don mu koma aikin kunne ba. Ai na riga na tura."

Wallahi haka na fito daga ofishinsa cike da takaici.

Washegari motoci biyu suka je suka ɗauko Malam Habu a tsakiyar gona, fartanya a hannu. Ranar kuwa gonarsa ake nomewa. Jama'a suka watse, kowa ya binne oba-obansa. Kwana tara ina yawo ofis-ofis da muryar da na naɗa kafin a samu wanda ya yarda ya saurara, aka sake shi. Ko haƙuri ba wanda ya ba shi.

Ni na raka shi gida. Ciyawa ta shanye geron. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ba geron ne ya dame ni ba. Yanzu in na kira gayya, wa zai zo?"

Ba wanda ya zo, a daminar ko ta bayanta.

To, ku da kuke kan aikin yanzu, na'ura abin da aka nuna mata kaɗai ta sani, kuma ba a taɓa nuna mata manomi ba. Duk jan da ta haska muku, akwai mutum a ƙarƙashinsa. Ku ji muryarsa kafin ku tura masa mota.