Kiran Ruwa Daga Kan Tudun Yashi

Muna idar da sallar asuba muka bar Gumel, mu uku: ni, da ƙanina mai tuƙa adaidaita, sai mahaifinmu a kujerar baya ya rungume sandarsa. Masu bibiyata a shafin nan sun san yadda na ƙwallafa rai a kan kallon masu hawan duwatsun ƙanƙara a waya, ni da ko Dala ban taɓa hawa ba. To jama'a, wannan karon ni ma na yi hawa, sai dai ba don nishaɗi ba.

Baba na fama da hawan jinin ido. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa ɗan hasken da ya rage masa ba lalle ya kai baɗi ba. Da muka dawo gida sai ya kira ni ya ce yana so a kai shi wani tudun yashi da ke yamma da Maigatari. A ƙuruciyarsa koren shanu yake yi: fatake su sayi shanu a Maigatari, shi da abokansa su koro su a ƙafa ta ƙasar Sule Tankarkar har Kano. Tun muna yara yake ba mu labarin tudun nan. Wai in ka hau kana hango bishiyoyin Nijar a bayanka, ga rijiya a gabanka, kuma daga can sama mai kore ke ƙwala wa mutanen rijiyar kira kafin ya gangaro da shanu. "Ina so in sake ganin wurin, ko sau ɗaya," in ji shi. Yayarmu da ke aure a Gagarawa ta bugo waya tana ta faɗa, wai za mu je mu kashe mata uba a daji. Baba ya karɓi wayar ya ce ta yi mana addu'a kawai.

Hanyar Maigatari da sanyin safiya daɗi gare ta. Kaka ce, an yanke gero, an tsayar da riɗi a gonaki yana shan iska, zoɓo kuwa ya nuna ja wur dama da hagu. Raɓa ta kwanta a kan komai. Baba ya leƙa da kai waje yana shaƙar iska, ya ce jan nan dai yana ɗan ganinsa. Sai na ji raina ya yi sanyi, na ce ashe ba mu makara ba.

Washegarin kasuwa muka isa, kara ta watse, sai warin kashin shanu da wasu raƙuma biyu suna tuƙa kamar ba su da wurin zuwa. Muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu, Allah ya kyauta, sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san ka ci wani abu. Wani mai shayi ɗan Damagaram ya sayar mana da cuku na guzuri. Na tambaye shi tudun, ya yi dariya ya ce ai duk ƙasar nan tudu ce. Wani dattijo a gefe ne ya ce mu bi tsohon burtali, hanyar shanun da, in gonaki ba su gama cinye shi ba.

A wani ƙauye yashi ya ce wa adaidaita iyakarta ke nan, muka bar ta gindin wata tsamiya muka kama ƙafa. A nan na sha kunya. Na sayo wasu manyan takalma a gwanjo, irin na mutanena masu hawan ƙanƙara na waya, ina ta taƙama. Kowane taku sai su nutse, in ciro ƙafa kamar ina ciro turmi, ƙarangiya kuma ta yi wa safata ado. Ƙanina da silifas ɗinsa yana gaba yana cewa, "Yaya, daure, ƙanƙarar tana gaba kaɗan." Da abin ya ishe ni na kwance su na rataya a wuya.

Daga nan tafiyar ta zama wani abu daban. Ƙanina ya riƙe kan sanda, Baba ya riƙe gindinta, ni ina biye. Ba motsin mota, ba ƙarar injin niƙa, sai kukan kurciya da iska a ganyen goriba. Yashin fari sol, mai laushi, sabara na ƙamshi. Baba ya fara kiran sunayen shanun da aka yanka tun ba a haife mu ba, yana yi musu fito a hankali, har na soma jin kamar in na waiwaya zan ga garke a bayana. Burtalin ya yi ta tsukewa, ya shige wata gonar wake ya ɓace, can ya sake ɓullowa. Muka ci cuku a inuwar wata aduwa, muka yi azahar da taimama don tattalin ɗan ruwan da ya rage mana.

Rana ta karkata muka iso. Gaskiya tudun bai kai na labari ba, amma hawansa ba wasa ba ne, don ka taka gaba yashi ya dawo da kai baya. Baba na haki, gumi ya jiƙa masa riga, muka ce ya huta ya ce a'a. Ƙarshe da rarrafe muka ƙarasa mu duka.

Kai, jama'a! Daga sama ƙasa ta shimfiɗu har inda ido ya gaji. Ga gawo jefi-jefi, ga jan zoɓo layi-layi, ga wasu bishiyoyi can arewa suna rawa cikin hasken rana kamar a kan ruwa suke. Baba ya kare goshi da hannu, ya juya gabas, ya juya arewa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Fari kawai nake gani. Kamar an shanya mini zane a fuska." Ƙanina ya juya baya yana goge ido da hularsa. Mun makara.

Ina neman abin da zan ce masa, sai na ga ya miƙa wa ƙanina sanda, ya haɗa tafukansa a baki. Da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba ya ƙwala: "Masu gari! Akwai ruwa?"

Shiru. Ni dai ban hango rijiya ba, ban hango gida ko ɗaya ba. Na kama hannunsa zan ce mu sauka, sai daga can ƙasa, cikin gonar zoɓo, wata siririyar murya ta taso: "Akwai! Ku iso!"

Baba ya ƙanƙame mini hannu har sai da na ji zafi.

Da muka gangara muka tarar da wata tsohuwa tana tsinkar zoɓo, yatsunta sun rine. Bayan gaisuwa ta ce rijiyar ta rufta tun tuni, garin ma ya tashi ya koma bakin titi inda aka yi famfo. Ta ce rabonta da jin wannan kira tun da motoci suka karɓe ɗaukar shanu, bakinta ne ya amsa kafin ta yi tunani.

Na ce, "To Inna, ba rijiya, ya kika ce akwai?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Haba ɗan nan, ana ce wa mai kore babu? Ko moɗa ɗaya ya rage, akwai ake cewa." Ta jawo gorarta daga ƙarƙashin kalgo ta miƙa wa Baba. Ya sha, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Wani mai amalanke ya mayar da mu wurin adaidaita, muka shigo Gumel ana kiran isha'i, takalmana har lokacin suna wuya. Yayarmu ta bugo tana tambaya ko ya gani. Baba ya ce, "Ban gani ba. Amma na kira, an amsa."

Na tafi da tunanin hawa don a hango nesa ake yin sa. Na dawo na gane tsoron Baba ba na duhu ba ne, na ya kira ne a yi shiru. Tun da muka dawo, kullum da safe in ya fito tsakar gida bai gane ko da kowa ba, sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Masu gida, akwai mutane?" Mun yi wa juna alkawari, ko mutum ɗaya ya rage a gidan, ko hannunsa na cikin wanke-wanke, zai ɗaga murya ya ce, "Akwai, Baba. Iso."