Yadda Na Ɗauko Kofur Daga Sabon Tasha

'Yan'uwana matan zumunta, ni ce Saratu matar marigayi Bulus. Ina faɗa, Malama Rifkatu tana rubutawa.

Godogodo zuwa Kafanchan

Na fito ƙarfe biyar na asuba ranar Talata. Wata uku ke nan da aka binne ɗana, Laftanar Yohanna, a can bakin daga, ban ga gawarsa ba. Sajensa Musa ya bugo waya in zo Sabon Tasha in karɓi abin da Yohanna ya bari. Ni abu ɗaya nake so in sani: ko yarona shi kaɗai ya mutu.

Ƙarfe bakwai muka bar tashar Kafanchan. A Madakiya na sayi gyaɗa, na kasa ci.

Sabon Tasha

Ƙarfe ɗaya na isa. Saje ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗingisa zuwa bayan ɗaki, ya jawo bunsuru. Na gane shi. Shi na ba Yohanna su yanka da yaransa sojoji.

"Mama, ga Kofur."

"Ba ku ci shi ba?"

"Ina! Muna wasa wuƙa ya tsere. Mu talatin muka bi shi, Oga Yohanna a gaba. Muna cikin daji bam ya sauka kan tukunyarmu. Nan take Oga ya naɗa shi kofur. Ya taɓa cinye mana taswira, kwana biyu muna zagaye dutse ɗaya. Aka rage masa girma na sati guda."

Na yi dariya, na koma kuka. Sannan na yi tambayata.

Saje ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. An tarwatsa mu ranar. Da muka koma, mun same su gindin wata tsamiya, kan Oga a jikin Kofur. Har muka ɗauke gawar, bunsurun nan bai motsa ba."

Matarsa ta ba ni tuwo da miyar karkashi. Na ci, na kwana.

Komawa

Ƙarfe shida na safe na jawo Kofur tasha, direba ya buɗe but na bayan mota.

"Kaka, kawo shi nan."

"Ba zai shiga nan ba."

"Mijinki ne?"

"Mijina bai kai kofur ba."

Na biya kujera biyu. A shingen Kachia wani soja ya leƙo, ya ga alamar kofur da aka rataya masa a wuya, ya ƙame ya sara masa.

Ƙarfe huɗu muka shiga Godogodo. Ƙanen mijina Dauda ya shafa bayan Kofur ya ce, "Allah ya kawo naman addu'ar tunawa."

Na ce, "Dauda, shi ya riƙe kan ɗana sa'ad da ba na nan. Cire hannunka."

Na gode wa Ubangiji da ya dawo da mu lafiya, na gode muku da addu'a. Ranar Lahadi za ku gan ni da rabin zanen zumunta. Kofur ya cinye sauran, ban hana shi ba.