Ambulan Ɗin da Kawu Yake Juyawa

Laifina ne, kuma na daɗe da sani. Jiya na tsinci ambulan ɗinsa a akwati, tana ƙanshin ƙaro.

Da Kawu ya zo jinya wurina a Alexandria, duk wasiƙar da ta shigo sai ya ɓare ambulan da wuƙa, ya juya cikinta waje, ya liƙe. Ya yi aikin baitulmali bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ko takarda ta yi wuya. Yakan ce, "Da haka muka tayar da baitulmali."

Wata Asabar na dawo a gajiye, ga baƙi, ga tarin ambulan a kujera. Na kwashe na zuba a shara, na ce, "Kawu, Bature ya tafi, ka daina yi masa tsimi."

Ya ce, "Harajin talakawa muka yi wa tsimi, ɗana." Bai sake juya ko ɗaya ba.

Sai da ya koma Zariya na juya ambulan da hannuna, na aika masa. Ban sani ba ko ta riske shi da rai. Allah ya jiƙansa. Layi ɗaya na rubuta: "Kawu, na yi kuskure, ka yafe mini."